Yadda ake gyara tsohon bangon tubali da damina ta ci

Tun da ruwa ya ɗauke, tambayar da ta fi yawan zuwa mini iri ɗaya ce: gidan gado ne a cikin birni, gindin bango ya zaizaye, yaɓe ya zube, wani wurin ma ya tsage, to ta ina za a fara? Wasu kuma sun riga sun sayi siminti, abin da suke so kawai in gaya musu buhu nawa zai isa. Amsata ga waɗannan ita ce su ajiye simintin tukuna. Bangon ƙasa da ƙasa ake gyara shi, kuma ba a taɓa shi sai an gano inda ruwan yake shiga. Ga yadda aikin yake tafiya, bi da bi.

1. Ka fara zagaya bangon, ciki da waje

Ka ɗauki sanda ko ƙotar fartanya ka bi bangon kana ƙwanƙwasawa a hankali. Inda yake da lafiya za ka ji sautin a dunƙule. Inda yaɓe ko filasta ya rabu da tubali za ka ji shi fanko, wani lokaci har ka ji ƙasa tana zuba ta ciki. Duk inda ka ji haka ka zagaye shi da gawayi.

Wurare huɗu ne suka fi cin duka. Gindin bango, daga ƙasa zuwa tsayin gwiwa, inda ruwa yake kwanciya ko yake fantsama. Kan bango, wato rawani da zankwaye. Ƙarƙashin indararo. Sai kuma fuskar da ke kallon gabas, domin a ƙasarmu hadari ta gabas ya fi tasowa, shi ya sa za ka ga bangon yamma garau amma na gabas ya zama tsiya.

Ka duba ko akwai farin gari mai kama da kanwa a gindin bango. Gishiri ne da danshi yake jawowa daga ƙasa, kuma ya fi yawa kusa da makewayi, shadda, ko inda aka taɓa kafa turken dabbobi. Ka duba hanyoyin gara, musamman inda kan azara ya shiga bango.

Gargaɗi: akwai bangon da ba na gyara ba ne, na rushewa ne. Ka ɗaure dutse a igiya ka sako shi daga saman bango. Idan bangon ya karkata a fili, ko ya yi ciki ya turo waje, ko zaizayar gindin ta cinye kusan kashi ɗaya cikin uku na kaurinsa, ko azara ta fara zamewa daga mazauninta, a kwashe mutane daga ɗakin a ranar, a tokare, a kira tsohon magini ya gani da idonsa. Irin wannan bangon ba ya sallama kafin ya faɗi, kuma ya fi faɗuwa bayan ruwa mai yawa.

2. Ka gane tsagar: mai tafiya ce ko ta tsaya

Ba kowace tsaga ce abin tsoro ba. Ƙananan tsage-tsage da suka bazu a fuskar yaɓe na bushewa ne, ba su shiga ciki ba. Wadda ake tsoro ita ce doguwa wadda ta ratsa bangon har kana ganinta ta ciki da waje, musamman a kusurwa ko saman ƙofa.

Gwajin mai sauƙi ne. Ka dama siminti kaɗan ka shafa shi siriri a gicciye a kan tsagar, a wuri biyu ko uku, ka rubuta kwanan wata a gefe. Ka bar shi mako uku zuwa huɗu. In ya tsage, bangon yana motsi har yanzu, kuma matsalar tana cikin harsashi ko rufi. In ka cike irin wannan tsagar, aikin banza ka yi, za ta sake buɗewa.

3. A kashe hanyar ruwa kafin a taɓa bango

Nan ne yawancin mutane suke tsallakewa, kuma nan ne gyaran yake. Ka tambayi mutanen gidan, musamman mata da suke wuni a ciki, ina ruwa yake taruwa idan ana ruwan sama. Sun fi ka sani.

Idan tsakar gida ko lungu ya fi gindin bango tudu, ko an zuba shara da ɓaraguzai sun jingina da shi, a kwashe. A yi wa ƙasa gangare ta yadda ruwa zai gudu daga bango, aƙalla kamu biyu. Kwatar da ta bi ta gindin bango a janye ta, ko a sa mata bututu. Famfo mai ɗiga da wurin alwala da wurin wanke-wanke duk a matsar da su. Idan rufin kwano ne kuma bakinsa gajere, ruwan da ke zuba yana fantsamo wa bango, to a zuba tsakuwa a inda yake sauka, ko a ƙara tsawon bakin kwanon.

Gargaɗi: a cikin birni bango ɗaya yakan raba gida biyu. Kada ka fara sara sai ka sanar da maƙwabci, kun shiga ta ɓangarensa kun duba tare. Sau da yawa ruwan da ke cin bangonka daga makewayinsa yake fitowa. In magana ta ƙi daidaituwa, mai unguwa yana nan.

4. Lokacin aiki

Ka bar bangon ya bushe sosai bayan damina. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ne lokacin da ya fi dacewa. Kada ka bari sai an fara ganin hadari a watan Mayu sannan ka tashi neman magini, domin a lokacin kowa yana nemansa, kuɗinsa ya hau, kuma ruwan farko zai tarar da aikinka ɗanye. Iskar hunturu tana busar da yaɓe da sauri har ya tsattsage, don haka a yi yaɓe da sassafe ko da yamma, a kuma tanadi tsofaffin buhuna ko tabarmi na rufewa.

5. Kayan aiki da lissafin kuɗi

Za ka buƙaci diga, shebur, fartanya, kwanon sarki, baro, cokalin gini, guduma, adda, tsani mai ƙwari, igiya, duro biyu na ruwa, tsintsiya ko buroshi na yayyafi, da itatuwan tokara. Yawancinsu magini yana zuwa da su ko a aro a unguwa.

Abin da za ka saya: jar ƙasa ko birji, yashi kaɗan, ramno, wato yankakkiyar ciyawa (tattakar shinkafa ma tana yi), makuba, wato ɓawon ɗorawa da ake jiƙawa don yaɓen ƙarshe, 'yan guntayen azara, da indararo in tsofaffin sun lalace.

Farashi yana bin gari da nisan wurin ɗiban ƙasa, amma ga yadda za ka san yawan abin da za ka nema. Bango mai tsawon mita 10 da tsayin mita 3, in za a yi masa yaɓe mai kaurin santimita 2 da rabi, zai ci kusan baro 11 na kwaɓi. Ka ƙara kashi ɗaya cikin uku saboda zubewa da motsewar ƙasa in ta bushe, ka ga ya kai baro 15. Kwanon sarki huɗu ne baro guda. Ramukan da za a cike kuma lissafinsu daban. In aikin bango ɗaya ne, amalanke ya ishe ka, ba sai ka kira tifa ba, kuma tifa ma ba ta shiga yawancin lungunan birni.

Abu biyu ne suke cinye kuɗin da mutane ba sa sa wa a lissafi: ruwa da lebura. Kwaɓi yana shan ruwa sosai, in kuwa daga 'yan garuwa kake saye, ka yi ciniki da mutum ɗaya na tsawon aikin.

Game da magini, ka nemi wanda ya iya ginin ƙasa, ba mai ɗora bulo kaɗai ba. Sana'o'i biyu ne daban. Kuma ni dai shawarata kada ka ba da wannan aikin jinga gaba ɗaya. Wanda ya karɓi jinga so yake ya gama ya tafi wani aikin, alhali rabin wannan gyaran jira ne. Ku yi ciniki mataki-mataki, a biya kowane mataki bayan ya bushe an duba.

6. Zaɓen ƙasa da kwaɓi

Ƙasar da ta fi dacewa ita ce irin wadda aka gina gidan da ita tun farko. Ɓaraguzan da suka zubo daga saman bango ana iya farfasa su a sake kwaɓawa, sun ma fi sabuwa kama jiki. Amma wadda ta fito daga gindin bango mai farin gishiri, a kwashe ta a kai nesa. In ka mayar da ita, ka mayar da cutar.

In sabuwa za ka sayo, kada ka karɓi ƙasar saman gona mai taki da saiwoyi. Ka jiƙa kaɗan ka mulmula ta tsakanin tafukanka ta yi tsawo kamar yatsa. In ta wargaje nan take, yashi ya yi mata yawa, ba za ta riƙe ba. In ta yi ta miƙewa tana manne wa hannu, yumɓu ya yi yawa, za ta tsage in ta bushe, sai an ƙara yashi. Hanyar da ba ta ƙarya ita ce gwaji a jikin bango: ka yi kwaɓi uku, ɗaya zalla, ɗaya da yashi kaɗan, ɗaya da yashi da yawa, ka shafa kowanne faɗin tafin hannu biyu a gefen bango, ka bar su kwana uku. Wanda bai tsage ba kuma bai zuba in ka murza shi da yatsa, shi ne naka.

A farfasa ƙasar, a tsince duwatsu, a yi mata rami a tsakiya a zuba ruwa, a bar ta ta kwana. Washegari a zuba ramno a shiga a tattaka da ƙafa, ana juyawa da fartanya. Sai a tara ta a rufe da buhuna. Kowace rana ko bayan kwana biyu a yayyafa ruwa a sake takawa. Na tubali kwana uku zuwa huɗu ya isa, na yaɓe kuwa a ba shi mako guda ko fiye. Za ka ji ya fara wari, ciyawar ta yi laushi, kwaɓin ya yi danƙo. Tsofaffin magina suna ƙara kashin doki ko na jaki, kuma yana taimakawa ƙwarai.

Gargaɗi: kuskuren da ya fi yawa shi ne a kwaɓa da safe a yaɓa da rana. In ka ji magini ya ce, "Alhaji, a bar ta ta ruɓa tukuna," ba lalaci ba ne, ka samu wanda ya san aikinsa.

7. Buga tubali

A yi sababbin tubala daidai girman tsofaffin da ke cikin bangon, ko 'yan ƙasa da su kaɗan don su shiga rami. A jera su a rana, ana juya su, har mako biyu. Ka fasa ɗaya ka duba cikinsa. In tsakiyar ta fi gefe duhu, bai bushe ba. Ɗanyen tubali in ya shiga bango zai motse ya bar gibi, nauyin da kake so ya ɗauka kuma ba zai ɗauka ba.

Kada a cike ramin bangon ƙasa da bulon siminti. Ba sa tafiya tare: ƙasa tana shan danshi tana saki, bulo ba ya motsi, sai tsaga ta fito daidai inda suka haɗu.

8. Gyaran gindin bango

Wannan ne wuri mafi haɗari a aikin duka, don haka a bi shi sannu.

In bangon yana ɗauke da rufi, a fara tokare azara ta cikin ɗaki, a sa katako a ƙarƙashin kowace tokara don kada ta nutse. Sannan a raba gindin bangon gida-gida da gawayi, kowane gida bai wuce kamu ɗaya da rabi ba, a sa musu lamba. A yi na ɗaya, a tsallake biyu, a yi na huɗu, haka har ƙarshe. Sai waɗannan sun bushe a dawo kan waɗanda aka tsallake.

A kowane gida, a kankare ruɓaɓɓiyar ƙasa har a tarar da mai ƙwari. A gyara ramin ya zama mai kusurwa, ƙasansa a shimfiɗe, samansa kuma a ɗan karkata shi ciki yadda sabon aiki zai maƙale. A share ƙura. A yayyafa ruwa da tsintsiya, danshi kawai ake so, ba jiƙewa ba. Sai a shimfiɗa kwaɓi a jera tubali, tsininsa yana kallon sama kamar yadda aka gina na asali, ana cusa kwaɓi a kowane gibi da hannu. Kada a wuce jeri biyu ko uku a rana. Jerin ƙarshe, wanda zai haɗu da tsohon bango ta sama, a jira na ƙasa ya bushe ya gama zama, sannan a cusa kwaɓi mai ɗan tauri a daddanna shi da guntun itace har ya ƙi shiga. In aka bar gibi a nan, duk abin da aka yi ado ne, bangon yana nan a rataye.

Inda zaizayar ba ta kai zurfin taƙi ba, ba sai an sa tubali ba. A cike da kwaɓi hawa-hawa, kowane hawa bai wuce kaurin yatsu uku ba, a bari ya bushe kafin a ƙara.

Gargaɗi: kada a taɓa sare gindin bango gaba ɗaya a lokaci guda don a yi sauri. Kuma kada a yi ciki da waje na wuri ɗaya a rana ɗaya. Yara su yi nesa da wurin har a gama.

9. Ɗinke tsaga

Tsagar da ta tsaya, a buɗe bakinta da adda ta ɗan yi faɗi, a share, a jiƙa. Daga nan a sassaƙa gurbi a gicciye, kamu ɗaya ta kowane gefen tsagar, zurfinsa ya kai kusan kashi ɗaya cikin uku na kaurin bango. A kwantar da guntun azara a ciki a kan kwaɓi, a rufe. A yi irin wannan gurbin bayan kowane kamu ɗaya ko ɗaya da rabi har saman tsagar, ana farawa daga ƙasa. In tsagar ta ratsa, a yi ta ɗaya fuskar ma, amma a saɓa wuraren. Azara ake so domin gara ba ta cika cin giginya ba. Katakon kasuwa kuwa abincinta ne, rodi kuma tsatsa yake yi ya kumbura.

Inda aka tarar da gara, a bi hanyarta a tone har inda ta ƙare, a nemi gidanta a kusa. In za a zuba magani, a bi abin da aka rubuta a jikin kwalbar, kuma a nisanta shi da rijiya.

10. Kan bango da indararo

A kankare rawani har inda yake da ƙwari, a sake ɗora shi, a yi masa doro yadda ruwa ba zai zauna ba. Zankwayen da suka narke a sake tayar da su. Ba ado kaɗai ba ne, suna ƙara wa kusurwa nauyi, kusurwa kuwa ita ce ta fi saurin ci.

Indararo ya fito daga bango aƙalla kamu ɗaya, ya ɗan sunkuya, kuma a cike kewayen wuyansa sosai. Ka zuba bokitin ruwa a saman soro ka sauko ka kalla. In ka ga ruwa yana bin ƙarƙashin indararon yana komawa jikin bango, a cire a sake dasawa. A sa faffaɗan dutse inda ruwan yake sauka. Katangar da ba ta da rufi ana iya kifa mata guntun kwano a kai, bakinsa ya zarce ta kowane gefe.

11. Yaɓe da makuba

A fara daga sama a sauko. A kankare duk abin da ya saki, a yayyafa ruwa, a jefa kwaɓi da ƙarfi ya kama, sannan a baje da tafin hannu. Hawa na farko a bar shi da kaushi, a bi shi da yatsu a yi masa zane don na biyu ya samu abin riƙewa. In ya bushe ya ɗan tsage ba komai, na biyu zai rufe.

Hawa na ƙarshe shi ne na makuba. Ana samunta daga ɓawon 'ya'yan ɗorawa bayan an cire gari da kalwa. A daka, a jiƙa a duro kwana biyu zuwa uku har ruwan ya yi ja ya yi duhu, a tace, a kwaɓa tankaɗaɗɗiyar ƙasa da shi. A shafa siriri, a goge da hannu ko sumul ɗin dutse. In ya sha iska a sake yayyafa ruwan makubar sau ɗaya ko biyu. Tana rina hannu da tufafi, kada a zo da kayan kirki.

Wanda yake da hali, kuma yana kusa da marina irin ta Ƙofar Mata a Kano, yana iya neman laso don rawani da wuyan indararo. Haɗi ne na katsi (abin da ke kwantawa a ƙasan ramin rini) da gashin jima (gashin da ake cirewa daga fata a majema) da ruwan dafara (wani tsiro mai yaɗo), kuma ya fi makuba jure ruwa nesa ba kusa ba. Sai dai masu iya haɗa shi sun yi ƙaranci, in ka samu ɗaya ka riƙe shi da kyau.

12. Maganar filastan siminti

Na san da yawa za su ce yaɓe kowace shekara biyu ko uku ya ishe su, gara a buga ƙusoshi da waya a watsa siminti a huta. A shekarar farko zai yi kyau. Amma siminti ba ya barin danshi ya fita. Ruwan da ya taso daga ƙasa, da wanda ya shiga ta 'yar tsaga a sama, sai ya maƙale a baya yana narkar da tubali, kai kuwa kana ganin bango sumul. Ranar da filastan zai ɓalle, sai ka tarar da rami a bayansa wanda hannu zai shige har gwiwar hannu. Dakalin siminti da ake mannawa a gindin bango ma haka yake: bai hana danshi ba, sama ya tura shi, shi ya sa za ka ga zaizaya ta koma daidai saman dakalin.

In bangonka an riga an yi masa filasta kuma yana nan daram, ka bar shi, ka dai toshe tsagogin sama. Inda ya yi fanko, a ɓamɓare shi a hankali, a bar wurin ya sha iska mako biyu ko uku kafin a gyara da ƙasa. Fentin mai shi ma yana toshe bango. In ana son haske, a shafa farar ƙasa.

13. Idan bangon na jan bulo ne

Tsofaffin gidajen ma'aikatan jirgin ƙasa da wasu gidajen Maiduguri da jan bulo aka gina su. Matakai uku na farko duk ɗaya ne. Bambancin yana wurin cike tsakanin bulo. A ƙwaƙule tsohon haɗin da hannu, da guduma da siririn ƙarfe, zurfin santimita 2, ban da injin yanka domin yana cin bakin bulo. A share, a jiƙa, a cusa sabon haɗi mai laushi: awo 1 na siminti, 1 na laim (farin garin gini da ake kira lime), 6 na yashi. Haɗin da ya fi bulon ƙarfi fuskar bulon yake ɓarewa. Bulon da fuskarsa ta riga ta ɓare, a zare shi a juya bayansa waje in yana da kyau, in ba haka ba a nemo tsoho irinsa, kuma kada a zare fiye da uku ko huɗu a wuri ɗaya. A riƙa yayyafa wa aikin ruwa safe da yamma har kwana uku.